Kwabo Mai Huji a Cibiyar Jikanmu

Har ta bar duniya, matata ba ta kira tsabar kuɗin ƙasar Turawan nan da muke zaune da sunayensu ba. Ƙaramin farin nan sule take ce masa. Wanda ya fi shi kauri amma bai kai shi daraja ba, sisi. Wanda ake zuba wa injin wanki kuma fataka. Ranar Asabar in za mu sauka ɗakin wanki na ginin da muke haya a garin Laurel, sai ta ce in lalube aljihun wandona ko akwai fataka. Na sha gaya mata cewa lissafin bai yi daidai ba. Ta ce ita ba lissafi take yi ba, suna take kira.

Mu biyun da tsohon kuɗi muka tashi. Ni a Kafanchan, a layin ma'aikatan jirgin ƙasa, ita kuma a wani ƙauyen masu haƙar kuza a bayan Jos. Mun riga mun yi wayo sosai lokacin da aka kawo naira, saboda haka tsofaffin sunayen ba su fita daga bakinmu ba. Kwabo ɗaya ƙosai ne cike da tafin hannu, har mai suya ta yi maka gyara. Taro yana da kusurwoyi, shi ke huda aljihun wandon makaranta. Sisi ɗan mitsitsi ne, in ya faɗi cikin yashi sai dai haƙuri, shi ya sa iyaye mata ke ƙulle shi a bakin zane. Yaron da aka gani da sule kuwa sai an tambaye shi ina ya samo. Anini a wurin tsofaffin mata kawai muke ganinsa, ya daina sayen komai tun kafin a haife mu, amma ba su yarda su zubar ba.

Mu 'ya'yan layin dogo muna da namu wasan. Mukan ɗora kwabo a kan ƙarfen jirgi mu ɓuya a ciyawa, in jirgin kaya ya wuce mu ɗauko shi da zafi, ya baje kamar waina. Na ci duka a kan wannan. Da aka canja kuɗi, ragowar kwabban da ke gidanmu mahaifina ya tattara su ya hau rufi da su. Kowace ƙusa sai ya zura ta ta hujin kwabo kafin ya buga a kwano, don kada ruwa ya bi ta. Ni ban ajiye ko ɗaya ba.

Matata ce mai ajiya. Da za mu taho ƙasar nan mun bar kaya da yawa, har tukwanen aurenta, amma wani tsohon gwangwanin hoda a jakar hannunta ya shigo jirgi. A cikinsa akwai 'yan duwatsun jigidar da ta ɗaura tana yarinya, da tikitin kwali na ranar da ta fara shiga jirgin ƙasa, da taron da babanta ya ba ta wata Kirsimeti ta ƙi kashewa. Sai kuma farin kwabo, irin na tun zamanin sarkin Turawa, kafin a kawo jan. Da huji a tsakiya, tauraro a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kambi a sama da 'yan baƙaƙen Larabci a ƙasa. Hannu ya shafe shi har ya yi santsi.

Wannan kwabon ba na kashewa ba ne, na aiki ne. A wajensu, in jariri ya zo da cibiya mai tasowa, sai a naɗe kwabo a tsumma mai tsabta, a ɗora a kai, a ɗaure da ƙyallen zane har ta koma. An ɗaura wa matata shi. Ita ma ta ɗaura wa 'ya'yanmu biyu, namijin da ke Kaduna da iyalinsa, da macen da muka taho da ita tana 'yar makarantar sakandare.

'Yar tamu a nan ta gama girma. Ta yi karatun jinya ta zama nas, ta auri wani yaro mai hankali daga Filato wanda ya zo karatu a jami'ar College Park, suka kama gida a garin Takoma Park. Tana jin Hausa sarai, tana kuma yi, amma in ranta ya ɓaci Turanci ke fitowa.

Lokacin da ta haifi ɗanta na fari, ciwon daji ya riga ya kama matata. Ta bar aikin da ta daɗe tana yi a gidan kula da tsofaffi, tana zuwa asibiti ana ɗaura mata magani ta jijiya. Gashinta ya zube, ba ta cire ɗankwali ko a gabana. Ta so ta yi wa mai jego duk abin da uwa ke yi, ƙarfi bai kai ba. Wankan ruwan zafi 'yar ta yi dariya ta ce a bar shi. Kunun kanwa ta ɗan kurɓa don kada ran uwarta ya ɓaci. Amma da hutun haihuwa ya ƙare, ita da kanta ta ce ba za ta kai yaron gidan raino ba alhali kakarsa tana zaune. Kullum da safe sai ta kawo shi Laurel kafin ta wuce aiki, da yamma ita ko mijinta su ɗauka.

Ban taɓa ganin magani ya yi wa matata abin da yaron nan ya yi mata ba. Ta koma cin abinci. Tana kiransa angona. In na dawo daga siton da nake aikin jera kaya, sai in tarar da su a kan darduma a falo, ta ce masa ga tsohon nan ya dawo, kada ya kula ni, ba ni da ko sisi. Ni kuma in ce masa ya ci amarcinsa, amma ya sani ni na biya sadaki. Shi dai yana ta wutsil-wutsil da ƙafa.

Cibiyarsa ta taso. In yana kuka sai ta fito kamar ɗan yatsa. Wata Lahadi bayan coci, muna cin abinci mu duka, matata ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin hoda. 'Yar tana ganin gwangwanin ta gane. Ta ce likitan yara ya riga ya duba, ya ce ba komai, da kanta za ta koma kafin ya shiga makaranta, kuma kada a ɗora komai a kai. Ta yi bayani a hankali, da hannu, yadda naman ciki ke haɗewa.

"Ɗaga rigarki ki duba taki," in ji matata. "Likita ne ya mayar miki?"

"Mama, da ma za ta koma."

"To shi ne ta jira sai da na ɗaura."

Mijin 'yar ya sunkuyar da kai yana dariya cikin tuwo. Aka bar maganar a wasa, gwangwani ya koma ɗaki. Ni ma a wasa na ɗauke ta.

Abin da ya biyo baya daga baya na ji shi, don da rana ina wurin aiki. Da safe in an kawo yaron, sai ta wanke kwabon, ta naɗe shi a tsumma ta ɗaura masa, kafin yamma ta kwance. Amma kayan jariran nan ba irin namu ba ne. Riga ce mai maɓalli ta ƙasa, ga ƙunzugu mai santsi, ga yaro ba ya zama wuri ɗaya. Ƙyallen sai ya riƙa zamewa ya koma ƙirji. Sai ta ɗauko filasta daga cikin kayan da asibiti ke ba ta don nata ciwon, ta riƙa manne kwabon da ita. A ganinta ta yi dabara, ta haɗa na gida da na asibiti.

Ranar da abin ya fito, washegarin ɗaurin maganinta ce. Jikinta ya mutu, barci ya ɗauke ta a kujera da yaron a kusa. Mijin 'yar ya zo da wuri don za a kai shi allurar rigakafi, ta tashi a firgice ta miƙa masa shi da jakarsa. Sai da motar ta fita ta tuna.

A asibitin yara tuɓe jariri ake yi kafin a auna shi. Nas ta ɓalle riga ta ga filasta, ta ɗaga ta ga tsumma, ta warware ta ga wani tsohon ƙarfe mai huji da rubutun da ba ta iya karantawa. Fatar wurin ta yi ja, gefe ɗaya ya ɗan saɓule saboda mannewa da cirewa kullum. Ta kira likita. Suka fara tambaya: wa ke kula da yaron da rana, tun yaushe ake yi masa wannan, akwai wani abin da ake ba shi ya sha. Suna tambaya suna rubutawa. Ana cikin haka 'yar ta iso daga wurin aikinta, da kayan nas a jikinta, ta tsaya ana yi mata bayanin abin da ita ke koya wa wasu iyaye.

Da yamma ta zo ita kaɗai. Ba ta zauna ba. Ta fito da kwabon a cikin 'yar ledar asibiti ta ɗaga shi, ta yi magana mai tsawo da Turanci. Ta ce a ƙasar nan a kan abin da bai kai wannan ba ana turo mutane su binciki gida. Ta ce da tsumman ya kwance yaron ya kai kwabon baki fa. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, an yi a ɓoye, an mayar da ita baƙuwa a kan ɗanta. Matata ba ta katse ta ba. Da ta gama sai ta miƙa hannu.

"Ba ni kwabona."

"Ba zan bayar ba, Mama."

Ta mayar da shi jaka ta fita. Daga Litinin ɗin da ta biyo baya, gidan raino aka fara kai yaron.

Ba a yi gaba ba. Ba mu da wannan halin, kuma 'yar ba ta fasa kai uwarta asibiti ba duk ranar da take hutu. Ranar Lahadi suna zuwa da yaron. Amma in kakarsa ta ɗauke shi, uwarsa ba ta barin falon, ko ruwa za ta sha sai ta ce mijinta ya kawo mata. In za su tafi, sai ta kwantar da shi a kujera ta ɗaga rigarsa ta duba cikinsa, a gabanmu. Ina jin ba da nufin cin fuska take yi ba, hannunta ne ya saba. Matata takan kau da kai ta kalli taga.

Ba ta ba da haƙuri a kan kwabon ba. A kan filastar ta yi nadama ƙwarai, ta ce ita ta cuce ta, da ta tsaya a kan ƙyalle irin na uwarta da ba a ga ko ja ba. Sau ɗaya kawai ta faɗi abin da ke cinta. Muna naɗe wanki ta ce shekara da shekaru tana wanke iyayen Turawa, tana ba su abinci a baki, tana juya su a gado, ba wanda ya taɓa bin bayanta ya duba. Dardumar falo ta naɗe ta jingine a bayan ƙofa. Cin abincinta ya koma kaɗan-kaɗan kamar da.

Wajen lokacin da ganye ke zuba, likitanta ya zaunar da mu ya ce maganin ya daina aiki. Za su ci gaba da ba ta abin rage ciwo. 'Yar tana wurin, ta fi mu gane abin da ake faɗa, ita ta riƙa yin tambayoyi.

Ranar hutuna na shiga bas na tafi Takoma Park ban gaya wa matata ba. Na tarar da 'yar tana dafa kwalaben madara. Ta kawo mini shayi, muka gaisa. Na ce ban zo in ce ta yi kuskure ba, don ba ta yi ba. Na zo in gaya mata abin da uwarta ba za ta faɗa da bakinta ba.

Kakarta, wato uwar matata, ta binne 'ya'ya kafin ta sami mai zama. A ƙauyen kuza a lokacin ba asibiti, sai ungozoma. Da aka haifi matata da cibiya a waje, ungozomar ce ta kwance kwabon daga bakin zanenta ta ɗaura mata. Ta rayu. Duk waɗanda suka biyo bayanta an ɗaura musu, masu cibiya da marasa cibiya, duk sun rayu. Na ce ni ban ce kwabo ne ya raya su ba, matata ma da ta yi aiki da nas-nas shekaru in an matsa mata ba za ta ce haka ba. Amma ta san ba za ta ga yaron nan ya shiga makaranta ba. Ba ta da gona, ba ta da gida, ƙarfin goya shi ma babu. Abin da take da shi ke nan.

'Yar ta kashe wutar tukunyar kwalaben. Sannan ta ce, da Hausa, ta san labarin, uwarta ta ba ta tun tana ƙarama, ta manta ne kawai.

"Baba, tsoro na ji. Da sun karɓe shi fa?"

Na ce na sani. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta zuba mini miya a roba na kawo gida, na ce wa matata a hanya muka haɗu. Ta kalli robar ta kalle ni.

Asabar ɗin da ta zagayo da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yar ce da yaron da jakarsa, ba mijinta. Ya fara rarrafe a lokacin. Ta gaishe mu, ta ɗauko dardumar daga bayan ƙofa da kanta ta shimfiɗa, ta zaunar da shi. Sai ta ce za ta shagon kayan abinci irin na gida ta sayo doya da manja, in zo in taya ta ɗauka. Na ce bayana na ciwo, ta je ta dawo. Ta tsaya tana kallona har na gane, na tashi na nemi takalmi.

"Ni kaɗai za ku bari?" in ji matata.

"Ke da angonki. Madararsa na cikin jaka."

Shagon na wata Hajiya ce 'yar Kumasi, ba shi da nisa. Rabin sa'a ya isa a je a dawo. Amma 'yar ta tsaya tana juya kowace doya kamar za ta aure ta, ta tambayi kuɗin kifin da ba za ta saya ba, ta biye wa Hajiya suna ta hirar tsadar kaya. Ina ganinta tana ciro waya tana dubawa tana mayarwa. Da muka koma mota ba ta tayar ba. Ta riƙe sitiyari ta tambaye ni me kwabo ke saye a da. Na gaya mata ƙosai, da rake, da gyaɗa mai gishiri a gwangwanin madara. Ta tambayi ko gaskiya ne an rufa gidan kakanta da kuɗi, na ce gaskiya ne, in ta je har yanzu za ta gani in ba su sake kwano ba. Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bayan hannu.

"Kwabon yana cikin jakar yaron," ta ce. "A sama na sa shi. Na dafa shi tare da kwalaben."

Na ce to.

"A kan riga ya kamata ta ɗora, ba a kan fata ba. Ban gaya mata ba."

Na ce ga waya a hannunta. Ta kalli wayar, ta jefa ta kujerar baya, ta tayar da mota. Ba ta bi hanyar gida kai tsaye ba, sai da muka zaga ta bakin tashar jirgi.

Da muka shigo, matata na zaune a ƙasa ta jingina da kujera, yaron ya yi barci a cinyarta da ɗan yatsanta a hannunsa. Ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba. A gefe ga wani tsohon zanenta da aka yage bakinsa, ga almakashi. Jakar a rufe take.

Muka ci abinci, matata ta ci fiye da yadda ta yi kwanaki tana ci. Da lokacin tafiya ya yi, 'yar ta sunkuya ta ɗauki yaron. Tafin hannunta ya sauka a kan cikinsa, na ga ta tsaya. Ni ma daga inda nake ina ganin ɗan tudun a ƙarƙashin riga. Matata ta zuba mata ido, wannan karon ba ta kalli taga ba. 'Yar ta ɗauko rigar sanyinsa ta sa masa a kai, ta ja zif har wuya.

"Litinin zan kawo shi da safe," ta ce. "Baba, sai ka nemi hutu, ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba."

Na san suna isa gida ta kwance kwabon. Matata ma ta sani. Ba wanda ya sake tayar da maganar, kuma ban ƙara ganin an ɗaura ba. Na nemi hutun aka ba ni, aka riƙa kawo shi har zuwa makon da aka kwantar da ita a asibiti.

Amma a ranar Asabar ɗin, da ƙarar motarsu ta ɓace, ta miƙo mini hannu in tayar da ita daga ƙasa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kai hannu zan naɗe dardumar ta ce in bar ta a nan.

"Ka share falon nan, tsoho," ta ce. "Jibi angona zai dawo."